Kwalin Da Ya Ƙi Ƙusa

Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙarar nan da kwanon rufi ke yi idan rana ta take, ita ce mafarin komai, domin da ta fara sai jaririna ya farka yana tsala kuka, ga ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da gadon baya. Wallahi 'yan uwa, da ni abin nan ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba.

Lokacin muna wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, shekarun da wayar salula ta fara shigowa. Maigidana ya sayo kwalayen silin, kafinta ya gama jera katakai a ɗakina, sai kakar tumatir ta kama, kafintan ya koma gonarsa, maigidan ya bi motar kaya Kudu. Yaro kuwa ba barci, har nono ya fara ƙi.

Rannan da hantsi na ce ai na ga yadda ake yi. Na kai yaron ɗakin surukata Inna, na jawo tebur, na ɗauki guduma, na ƙulle ƙusoshi a bakin zani, 'yata Habiba, 'yar shekara huɗu, tana bakin ƙofa tana kallo. Kwalin faɗi gare shi, aikin mutum biyu ne, sai na tokare ɗaya gefen da gora. Da na farko ya zauna daram, ni kaɗai na rangaɗa guɗa!

Ina kan wani sai gorar ta zame ta faɗi. Na runtse ido ina jiran kwalin ya karye a kaina, shiru. Na buɗe, gefen can yana manne da katako, ba abin da ke tallafe da shi. Ku yarda da ni, ko ɗar ban ji ba, murna ce ta rufe ni. Na ce alhamdu lillahi, na ci gaba ba gora, duk wanda na ɗaga sai ya tsaya cak har in buge shi, ina aiki ina 'yar waƙata.

Sai na ƙarshe, na kusurwa. Duk ƙusar da na sa sai ta lanƙwashe, sababbi fil. Na sauka na gaya wa Inna. Ta tambaye ni ko na yi sallama kafin in hau, na ce ga wa? Sai ta ce ai mutanen da can ba sa toshe saman ɗaki ruf, domin ba mu kaɗai Allah ya zaunar a gida ba.

Na koma na yi sallama, na karanta Ayatul Kursiyyu, na ɗora kwalin haka nan ba ƙusa. Na kwantar da yaron a ɗakin, ya yi barci har la'asar sakaliya, ya tashi ya kama nono.

Don Allah duk mai rufe saman ɗaki ya yi bisimilla, ya yi sallama, abin da ya ƙi kuma kada ya matsa. Ni har yau ban san ko mene ne ba. Da yammar ranar dai ina yi wa Habiba wanka, ta ɗago kai ta ce:

"Umma, ba ki yi wa matar nan sannu ba, tun safe hannunta a sama. Sai da za ki toshe ta fara kuka, ita ma jaririnta yana ciki."