Abin da Aka Ɗinke a Bakin Zanin Gado

Shekara shida na yi ina ƙirga zannuwan gado da hannuna a wani gidan wanki da guga da ke unguwar Alajo a Accra, ban taɓa ɓatar da ko rigar filo ba. Otal-otal ne ke kawo mana kaya, da wasu ƙananan asibitoci. A kawo da datti in ƙirga, a wanke a goge in sake ƙirgawa, mota ta kwasa. Rana ɗaya mai wurin ya ɗauko mana sabon manaja, wani saurayi mai son kwamfuta kamar ransa, ya ce zamanin ƙirga da yatsa ya wuce.

Abin da ya kawo ɗan mitsitsi ne, kamar guntun roba mai laushi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Tag ake ce masa. Ana tura shi cikin kalmasar bakin zani a ɗinke, kowane da lambarsa. Ba ya buƙatar batir, ruwan zafi ba ya kashe shi, dutsen guga ma haka. Aka kafa na'ura a ƙofar shiga da ta fita da jikin kowane teburin guga. Zani na giftawa sai ta kama lambarsa ta iska, yadda rediyo ke kama tasha, ta rubuta a kwamfuta cewa zani kaza ya bi ta nan da ƙarfe kaza. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. A turo zannuwa hamsin a amalanke, kafin ka ƙifta ido an ƙirge su.

Mu huɗu aka tara a ofis aka yi mana bayani da Turanci, har da lemo mai sanyi. Matan guga kuwa ba wanda ya ce musu uffan. Manaja ya ce ba ruwansu da shi, su dai su yi guga. Ni kuma a watan ne aka ɗaga ni na zama mai kula da sashen guga baki ɗaya, ina ta yawo da na'urar hannu a kafaɗa ina jin kaina wata tsiya. Minti biyar ya ishe ni in yi musu bayani da Hausa, ban yi ba. Wannan laifina ne, kuma har yau yana ci mini rai.

Cikin matan akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a unguwar Maamobi tun ina ƙarama, kuma har lokacin gida ɗaya muke. Ni na samo mata aikin. Tun tana budurwa ta zo daga Nijar, amma Hausarta ba ta gauraya da Twi da Turanci kamar tamu ba. A unguwarmu ita ke wankan gawar mata, ita ke ɗinka likkafani. Ɗakin da ake hana dangi shiga ita ake buɗe wa, a bar ta ita kaɗai da mamaciya da 'yan kunnenta da awarwaronta, ta cire ta ƙulle a gefen zani ta miƙa wa masu gida. Sama da shekara ashirin ba a taɓa cewa ko zobe ya yi ƙafa a hannunta ba.

Mako uku da fara aikin tag, kwamfuta ta fara kuka. Yau zani biyu sun shiga ba su fita ba, gobe uku. Na ce wa manaja ya bar ni in koma ƙirga da hannu mu gani. Ya dube ni kamar na ce a koma wanki a bakin rafi. Ya ce mutum ke kuskure, na'ura ba ta yi. Otal-otal ɗin ma da na'ura suke karɓar kayansu, su ma lissafinsu ya nuna giɓi. Duk faɗin harkar nan ba sauran mai taɓa zani ya ce ɗaya, biyu, uku. Na saci jiki na ƙirga ƙulli guda a ɓoye, na samu ashirin, na'ura ma ta ce ashirin. Sai na haƙura da maganar.

Da zannuwan da suka ɓace suka kai talatin da bakwai, wata Alhamis manaja ya kira ni ya juyo mini kwamfutar. Kowane zani da ya ɓace, wurin ƙarshe da aka kama lambarsa teburi na huɗu ne, teburin Gwaggo. Bai tsaya nan ba, sai da ya fito tsakiyar mata ya faɗa da Twi yadda kowa zai ji: ko zannuwa su dawo kafin Litinin, ko a kira 'yan sanda. Gwaggo ta ajiye dutsen guga ta ce in gaya masa ita ba ta taɓa fita da ko ƙyalle ba, kullum a gabansa mai gadi ke duba jakarta. Ya ce shi dai abin da na'ura ta nuna ya sani.

Rabin matan nan daga Maamobi da Nima suke. Kafin la'asar ɗin Juma'a maganar ta riga mu isa gida. Na tsaya sayen waakye, shinkafa da waken nan, na ji wata tana ce wa mai sayarwa, ba ta lura da ni ba: "Ei, wai farin zani ne fa. Shi ne take ɗinka likkafani da shi. Chale, ƙawata, mutum abin tsoro ne." A ranar aka yi rasuwa a layin bayanmu, aka tsallake ƙofarmu aka je har Accra New Town aka ɗauko wata mai wanka. Gwaggo tana zaune a tabarma ta ji wucewar mutane, abincinta ma ba ta taɓa ba.

Abin kunyar shi ne, maganar matar nan ta zauna mini. Na san Gwaggo ba za ta yi sata don cikinta ba. Amma na sha ganin ta rasa barci saboda an rasu a gidan da ba su da halin sayen farin yadi. Na ce a raina ko tausayi ne ya ja ta. Ranar Asabar da safe ta tafi suna a Nima, na shiga ɗakinta na tura ƙofa. Na ɗaga katifa, na zazzage kwandon kaya, na buɗe akwatin ƙarfenta. A can ƙasa na ga farin yadi a ninke, na warware shi ina neman tambarin otal. Babu. Na mayar na rufe. Da na leƙa ƙarƙashin gado sai na ga gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da tsumma. Na buɗe, ga tag nan cike, an barbaɗa musu gishiri.

Da ta dawo ta same ni a tsakar gida da gwangwanin a cinya. Na ce shara nake yi na gani. Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Ta fizge shi ta rufe, ta tofa mini addu'a a hannu. "Ke ba ki da hankali? Da hannu kike taɓa su? Layu ne, ɗiyata. Ke ake yi wa aiki."

"Wane aiki kuma?"

"Watan da aka ba ki girma, a watan suka bayyana. Da idona na ga telar nan da ta so kujerarki ta kulle kanta a ɗakin baya tana cusa su a bakin zani ɗaya bayan ɗaya. Ba zanin da babu. Ni ina cire abin da na iya, in mayar da ɗinkin."

Wallahi na rasa ko in yi kuka ko in buga kaina da bango. Telar da take nufi ita manaja ya ba aikin ɗinke tag ɗin, ya kuma ce ta riƙa rufe ƙofa kada su watse. Gwaggo kuwa da reza da allura take zuwa aiki, ta farke kalmasa ta zare, ta mayar da ɗinki yadda ko mai zanin ba zai gane ba, ta jefa a ɗan gwangwanin goronta. Ƙarfe kuma yana toshe na'urar, an gaya mana a ofis, shi ya sa kullum take wucewa ta ƙofa shiru. Zannuwan suna can otal ana kwana a kansu, lambarsu ce kawai ba a gani.

Na ce, "To da aka ce zannuwa sun ɓace a teburinki, ba ki gane ba?"

"Na gane mana. Na gane aikin ya fara ci, ya tsallake ki ya faɗo kaina. Jiya ma biyar na cire."

Na yi faɗa ranar har maƙwabta suka leƙo. Na zana mata a ƙasa, na kawo misalin katin waya, na rantse da duk abin da na sani. Ta saurara har na gaji, sannan ta tambaye ni abu ɗaya: tun da na san haka tun farko, me ya sa ban gaya musu ba. Na ce aiki ne ya yi mini yawa. Ta ce to.

Litinin muka shiga tare, ita ke riƙe da gwangwanin, ta hana ni ɗauka. Muka wuce ƙofa na'ura ba ta motsa ba. A gaban manaja da duk matan ta kwance tsumman ta juye a teburi na huɗu, tag da gishiri suka watsu. Nan take kwamfuta ta fara ƙara, lambobi suna fitowa a jere, har da biyar ɗin Juma'a. Manaja ya juyo yana tambaya ta mene ne wannan. Da na yi masa bayani sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce ai ya faɗa, na'ura ba ta ƙarya. Haƙuri bai ba Gwaggo ba, ita ce ma ta je wurin telar ta riƙe hannunta ta nemi gafara. Na ce masa yadda ya fito tsakiyar mata ya kira 'yan sanda, haka zai fito ya ce ba ta ɗauki komai ba. Ya faɗa a gajarce yana duba wayarsa. Ni na maimaita da Hausa da ƙarfi, sau biyu, ina kallon matan Maamobi ɗaya bayan ɗaya don su kai gida yadda suka kai ta farko. Bai kore ta ba, ya ce ita za ta mayar da su da allurarta in zannuwan sun zagayo.

Da yamma muka sauka daga trotro, motar haya, muka kama hanyar gida a ƙasa. Ni sai zuba nake, ina zagin manaja, ina zagin na'ura, ina cewa gobe zan tara matan in nuna musu tag ɗin a tafin hannuna. Raina fes, ina ganin na ƙwato mata sunanta. Muna dab da ƙofar gida ta tsaya ta gyara mayafinta.

"Wancan yaron bai san ni ba," ta ce. "Matan unguwa kuma baki ne da su, gobe za su zo su ce in yi haƙuri. Ke fa?"

"Ni kuma me na yi, Gwaggo?"

"Ba a buɗe akwati wajen shara. Farin yadin da kika warware likkafanina ne, na ajiye wa kaina, kuma ba haka nake ninke shi ba." Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. "Kin ga tambarin otal a jiki?"

Na ce a'a.

Ta ce to alhamdu lillahi, ta shige ta bar ni a bakin ƙofa.