Baba Cleophus, Mariƙi na Shida Babu Kowa

Baba Cleophus,

Ba ka taɓa shiga gidana ka fara wata magana ba sai ka tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, don haka zan fara da abin da ka saba ji. 'Yata Charlene lafiyarta ƙalau, ta koma aikin safe. Mijinta har yanzu yana fama da ciwon baya. Inna Pearlie ta daina fita, amma tana cin abinci tana kuma faɗa, da sauran ƙarfinta ke nan. Ni hawan jinina ya ƙi sauka. Ɗana Lavell kuwa, a talabijin nake ganinsa kamar kowa. Da ƙafafunsa yake tafiya. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ranar Talata, ashirin da shida ga Agusta, da hantsi, ina wanke ganye a kicin, matarka Verdell ta kira ni ta ce ka cika a asibiti. Na zauna a ƙasa, ruwa yana ta zuba a famfo, na kasa miƙa hannu in kashe shi. Fasto ya ce in rubuta wani abu a sa a shafin coci, tunda na fi kowa cin moriyarka. Ka san hannuna da nauyi, sai da na haura hamsin na koyi haɗa baƙi. Kai ne kake kawo mini shafin wasanni na jarida, ka ce in karanta maka a fili wai idonka ya yi rauni. Daga baya na gane idonka lafiya lau yake.

Mutanen garin nan namu na Mississippi sun san ka dattijon coci, wanda ya yi rayuwarsa a injin gurzar auduga. Yaran sakandare kuwa sun san ka a filin ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu. Ba ka taɓa zama babban koci ba, ba ka ma nema ba. Naka su ne ƙattin nan biyar na gaba, waɗanda kake kira katanga, masu tare wa kwatabak, wato jagoran wasan, mahara har ya samu ya jefa ƙwallo. Ba a kiran sunansu sai sun yi laifi. Kai kaɗai ka san ranar haihuwar kowannensu.

Da mahaifin Lavell ya rasu, yaron yana shekara goma sha ɗaya, kai ka zo ka ɗauke shi a motarka. Da hannunsa ya yi ƙarfi aka ba shi kwatabak, gari ya fara tafa masa, sai ka kafa doka a gidanka. Duk Alhamis Verdell za ta soya tarwaɗa, ta gasa burodin masara, ta dafa ganye. Biyar ɗin nan su zauna. Lavell ya ɗaura zanen girki ya zuba wa kowa, ya cika musu kofi da shayi mai sanyi, ya ƙara wa mai son ƙari, sannan ya ci abin da ya rage. Ya dawo gida da fushi ran farko, ya ce, "Mama, ni fa nake cin wasan, amma ni ake ba wa kan kifi." Da na gaya maka, sai ka ce, "Ernestine, ki ce masa kan da ke wuyansa ma aronsa suke ba shi duk Juma'ar wasa." Har ya gama makaranta bai fasa wannan hidima ba.

Ga shi yau yana babbar ƙungiya a can arewa, ana biyansa. Tun bazara babu maganar da ake yi a ƙasar nan sai wa za a fara sakawa a matsayin kwatabak, shi ko tsohon ɗan wasan nan Brandvold. A rediyo ita ce, a shagon aski ita ce, a bakin ƙofar coci ma ita ce. Mai kanti ba ya ba ni canji sai ya faɗi ra'ayinsa. Na gaji, Baba Cleophus. Su suna kallon inda ƙwallo ta faɗa, ni kuwa idona yana inda ɗana ya faɗa, ina jiran ya tashi.

Garin nan duka Lavell yake so, ban da kai. A wajen suyar kifin coci, Hosea mai aski ya tare ka a gaban jama'a.

"Cleo, tsufa ne ko baƙin ciki? Yaronmu, ɗan garinmu, ka ce a zaunar da shi saboda wani tsohon da gwiwarsa ke ƙara kamar ƙofar shagona?"

Ka ce, "Hosea, kai ƙwallo kake bi da ido, shi ya sa askinka yake karkacewa. Ka dubi na gefen hagu a katangarsu, ƙafarsa ba ta ɗaguwa. Na tsakiya jiya aka yaye shi. Bara haƙarƙarin tsohon nan nawa suka bari aka karya?"

"To sai yaron ya tsufa a benci?"

"Gara ya tsufa a benci da ya tsufa a kujerar guragu. Miƙo mini barkono."

Aka yi dariya, aka watse. Da maganar ta tsaya a nan, da babu komai. Amma ka ɗauki waya ka kira gidan rediyo, ka maimaita ta da cikakken sunanka, ka ce kai ka raini yaron kuma ba ka yarda a fara da shi bana ba, sai an gyara katanga. Aka yanko muryarka aka yaɗa ta ko'ina, har 'yan jarida suka tare Lavell da ita. Ya kira ni, ya ce, "Mama, kowa ya ce ban isa ba zan haɗiye. Amma shi?" Na ce ba haka kake nufi ba. Ya ce ya ji da kunnensa. Tun daga ranar bai sake ɗaga kiranka ba, nawa ma sai ya ga dama.

Ban san wanda yake da gaskiya ba. Mai yiwuwa kamar yadda Hosea yake faɗa, dama irin wannan ba ta dawowa. Mai yiwuwa da ka kira shi a ɓoye da ya fi. Abin da na sani shi ne, cikin duk masu gardamar nan, kai kaɗai kake jin irin tsoron da nake ji.

Ranar Lahadin da ta wuce, kana kwance a asibiti, aka sanar cewa Lavell za a fara sakawa. Aka yi ta hon a titinmu. Na zo asibiti ran Litinin ina zullumin yadda zan same ka. Sai na tarar kana murmushi da robar iska a hanci. Ka ce, "Ya ci. Da ƙarfinsa ya ci, ba wanda ya ba shi." Ka huta, sannan ka ce, "Ki ce masa ya riƙa sakin ƙwallo da wuri, kada ya yi jarumta. Kuma ya ciyar da biyar ɗin da ke tare masa yanzu. Ba ya aika musu ba, ya zuba musu da hannunsa." Na aika masa saƙon. Na ga alamar ya buɗe. Har yau ina jiran amsarsa.

Allah ya jiƙanka, Baba Cleophus Barksdale. Ubangiji ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba, ya tsare ka yadda ka tsare 'ya'yan mutane. Verdell, 'yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zama a gidan nan. Alvin da Rosalind, mahaifinku ya raba kansa da yaran gari, kun kuma bar mana shi ba ku taɓa ƙorafi ba. Allah ya saka muku.

Sauran maganar taka ce, Lavell, na san Charlene za ta tura maka wannan. Ranar Asabar za a yi jana'iza, kuma Charlene ta bincika, an ba ku hutun ƙarshen mako. Akwatin gawar yana da mariƙi shida. Biyar ɗinka na sakandare duk sun ce za su zo, har Tyree da ke tuƙin babbar mota ya juyo daga Texas. Verdell ta hana a ba kowa na shida. Hosea ya nema, ta ce masa da mai shi. Amma ba za ta iya jira ya wuce Juma'a da rana ba. Ba na roƙonka ka ce Baba Cleophus yana da gaskiya. Ka amsa mini kafin Juma'ar, ko da kalma ɗaya ce. Bayan an dawo daga maƙabarta za a soya tarwaɗa, biyar ɗin nan za su zauna a inda suka saba, kuma Verdell ta riga ta wanke zanen girkin ta rataye a bayan ƙofa.

Mahaifiyarka,
Ernestine Mabry