Maratayin Kwat ɗin Baba

Auta ake ce mata har yau, ga shi ta ba arba'in baya. Aikinta guga a wani shagon wanki, daga bakwai na safe har la'asar tana tsaye a kan rigunan mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Ta yi aure sau ɗaya, shekara shida ba haihuwa, aka rabu ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ta koma gaban iyayenta, ta yi jinyar Baba har Allah ya karɓi abinsa, sannan ta ɗora da ta Inna. Irin 'ya'yan nan ce da dangi ke sa wa albarka a waya, su kashe wayar su bar mata aikin.

Baba direban babbar mota ne. Yakan yi sati biyu a hanya, in ya dawo sai ya rataye baƙin kwat ɗinsa a ƙusar da ke gefen ƙofa. Shekara arba'in da biyar Inna na duba wannan ƙusa: in babu kwat yana hanya, in akwai yana gida. Bayan rasuwarsa hankalinta ya fara gushewa, sunayen 'ya'yanta suka ɓace mata ɗaya bayan ɗaya, amma ƙusar ta zauna daram. Auta ta lura, ta bar kwat ɗin a rataye. Inna kan kalle shi ta ce, "Yana ɗakinsa yana barci, ku rage surutu," ta wuni zaune lafiya lau.

Sai 'yan'uwa suka matsa aka sayar da gidan, Auta ta kama ɗaki ɗaya na haya ita da Inna. Ɗakin kuwa in ka shimfiɗa katifa biyu, to sai ka nemi izinin katifa kafin ka buɗe ƙofa. Mai gidan mutum ne da ya fi son fentin bangonsa a kan 'yan hayarsa. Ranar da Auta ta buga ƙusa, da kansa ya zo ya zare ta, ya ce in ya sake ganin rami a bangonsa su nemi wani wuri.

Ta ɗora kwat ɗin a saman ƙofa, da an buɗe sai ya faɗo. Ta ɗora a kujera, Inna ta ninke shi ta sa a akwati, ta yafa gyale ta fita tarbar mijinta. Karon farko a tashar mota aka same ta. Karo na biyu sai da ta wuni ba a gan ta ba, aka tsince ta a bakin babban titi, takalmi ƙafa ɗaya.

A ranar ne Yaya, babban wansu, ya yanke magana. "Auta, kin yi iya yinki. In ta sake fita, zan ɗauke ta. Akwai ɗakin baya a gidana, da kwaɗo."

Auta ta san ɗakin, da ƙaramar tagarsa can sama. Ta kuma san abin da kulle ke yi wa Inna, don ta taɓa gwadawa sau ɗaya, ta dawo ta tarar da tsohuwa ta bugi ƙofa har hannuwanta sun kumbura. "Yaya, kulle zai kashe ta," in ji ta.

"Titi ma zai kashe ta."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ta tafi wajen kafintan bakin layi, ta ce tana son maratayi mai tsayawa da ƙafarsa, wanda ba ruwansa da bango. Ya ce sai sati mai zuwa. Ta ce ba ta da sati. Ya dubi idanunta, ya fasa wasan da ya ɗauko, ya ara mata zarto da guduma, ya haɗa mata da tsohuwar sandar labule da guntayen katako biyu.

Matar da ba ta taɓa riƙe zarto ba ta zauna a tsakar gida tana yanka a karkace. Ta gicciya katakan, ta kafa sandar a tsakiya, ta buga ƙusa uku a sama, ta bugi babban yatsanta sau biyu. Tana rataya kwat, abin ya sunkuya ya kife da ka. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, maƙwabciyarta tana leƙe ta taga.

Washegari ta roƙo siminti da tsakuwa a wurin masu gini, ta cika gwangwanin fenti, ta dasa sandar a ciki, ta ɗaure ta da igiya har ta kama. Kafin ta yanke tsawon, sai da ta tsayar da Inna a bakin ƙofa ta lura da inda idonta ke zuwa, ta sa alama a nan. Bai yi kyau ba, amma ya tsaya, kuma bai ci fili fiye da bokiti ba.

Inna ta ɗaga kai ta ga kwat. "Au, ya dawo?" ta ce, ta cire gyalenta ta zauna.

Kwana uku Auta na zuwa aiki tana dawowa ta tarar da ita. Har ta fara waƙa a kan guga.

Rana ta huɗu hadari ya haɗu tun azahar. Ta dawo da sauri ta tarar da ƙofa a buɗe, sanda a tsaye, babu kwat, babu Inna.

Maƙwabciya ta fito tana yarfe hannu. "Wallahi na hana ta, 'yar'uwa. Ta ce tun da kwat ɗinsa na nan, yana gida. Ta ɗaga labule, ta leƙa bayan ƙofa, ta tambaye ni ina ɗayan ɗakin. Na ce ai ɗaya ne. Sai ta ce ashe fita ya yi ya manta kwat, ga ruwa na zuwa, bari ta bi shi da shi. Na shiga in sauke tukunya, kafin in fito ta yi gaba."

A tsohon gida akwai ɗakin da Baba zai iya kasancewa a ciki. Auta ta auna tsawo, ta auna nauyi, wannan kaɗai ne bai zo mata a rai ba.

Ta ruga tasha, babu. Ta bi bakin titi tana tambayar masu shago, ruwa ya kece. Unguwar ta fi ƙarfin ƙafa biyu, kuma mutum ɗaya ne a danginsu ke da mota. Ta tsaya a ƙarƙashin wata rumfa da waya a hannu, ta san sarai inda Inna za ta kwana in motar ce ta samo ta. Ta danna lambar.

"Yaya," ta ce, "ka zo da motar."