Kalmar da Bilenda Ta Haɗiye

A garinmu, nan ta wajen Bakori, ba a tambayar magidanci ko yana da rufin asiri. Matarsa ake kallo ranar suna. In ta shigo tana cika ƙofa, zani yana neman ya gaza, sai mata su ce wance ta sami gida. In kuwa wuya ya fito, to mijin ne zai sha magana, ko da rumbunansa cike suke. A kan wannan na tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce min ba haka ba ne.

Ni manomin masara ne, karatuna bai wuce na allo da firamare ba. Matata ɗaya. Daga Mahuta na ɗauko ta, siririya kamar karan dawa, na kuma ɗaura aniyar sai na cika ta. Duk ranar da na shiga Funtuwa ba na dawowa hannu rabbana. Balangu ne a takarda mai yana ɗiga, ko tsire, ko lemon kwalba. In ta dama fura, ni nake ƙara mata sukari da hannuna. In ta ce ta ƙoshi, in ce ƙara loma ɗaya. Burina ya cika, har ya wuce. Ta kai sai ta dafa bango take miƙewa, salla ma a kan kujera take yi. Ni a lokacin hutu nake gani.

Wata shekara, lokacin kaka, babbar 'yarmu, wadda ke aure a Kaduna, ta zo ganin gida. Ta ga yadda uwarta ke jan ƙafa, ta ɗauke ta zuwa asibiti a Funtuwa. Ina can wajen sussukar masara. Da suka dawo na tambaya, "An ba da magani?" Suka ce an bayar. Iyakar tambayata ke nan. Ban nemi jin abin da likita ya ce ba. Kafin yarinyar ta koma ta bar wa uwarta ɗan injin markaɗe na ɗaki, mai tulun roba da wuƙaƙe a gindi, wanda suke kira bilenda. Na ɗauka na tumatir ne da attarugu.

Ranar da na fara lura, na dawo da balangu mai zafi na ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta duba, ta naɗe.

"An gode, Malam. Allah ya ƙara buɗi."

"Ci mana tun da zafinsa."

"Na ƙoshi."

Ta yagi tsoka ɗaya marar kitse, sauran ta aika wa maƙwabta. Mako na zagayowa aka sake yin haka. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan ce mace in ta manyanta ba ta yaji da ƙafa, da baki take yi. Tana zaune a ɗakinta, tana gaishe ka, tana wanke maka kaya, amma abin hannunka ba zai wuce maƙogwaronta ba. Wannan magana ce ta faɗo min a rai, ta kuma ƙi fita.

Sai na fara sa ido. Nakan yi kamar ina gyaran buhuna a zaure, alhali ta kafar ƙofa nake leƙen tsakar gida. Da safe, in an kawo wuta, ta ɗauko dafaffen gero da ta tanada, ta zuba a tulun, ta ƙara kindirmo, rabin ayaba, da ɗan yankin citta. Ba sukari. Ta danna, abin ya yi ƙara kamar babur mai fasasshen salansa, ta juye a kofi ta sha a hankali. Wani lokaci madarar waken suya take sawa maimakon nono, da garin kwalbar kuka da dabino ƙwaya ɗaya. Da rana kuma wani abu kore shar, kamar ruwan kududdufi: kokwamba, gwanda, ganyen zogale da ta ɗan tafasa, ta matse lemon tsami a kai. Da yamma ta dafa wake da kabewa da albasa da ganyen rama, ta bari ya huce, ta markaɗe, ta sake ɗumamawa ta sha da ludayi. Tuwon da take ɗorawa a gefe bai fi ƙwan zabo ba.

Koren nan shi ya fi tsaya min. A sanina abu kore da ake sha a kofi ba abinci ba ne, jiƙo ne, kuma jiƙo ba a shan sa sai da dalili. Wa ya ba ta? Don me? Wata safiya ta shiga wanka ta bar saura a tulun, na lallaɓa na shinshina. Ban ji warin sassaƙe ba. Na kurɓi na geron. Gaskiya ba laifi, da kauri, da ɗan yajin citta. Na shanye ragowar, na goge baki na fita gona. Abin mamaki, har aka kira azahar ban ji yunwa ba. Mai hankali da sai ya ce abin yana riƙe ciki. Ni kuwa sai na ce, wane irin abu ne wannan da zai ɗaure cikin manomi? Zargina ya ƙaru.

Tana nan tana raguwa. Zoben da ya daɗe da nutsewa a yatsanta ya fara juyawa. Ta fara zagaya tsakar gida bayan la'asar ba tare da wani aiki ba. A masallaci wani ya tambaye ni ko Hajiya lafiya, ya ce iyalinsa sun ga ta faɗa. Na ce lafiya lau, na ji kamar an kwance min rawani a kasuwa.

Sai ranar da na dawo ɗaukar fartanya da na manta. Ina zaure na ji tana waya da 'yarmu, ta sa murya a sarari kamar yadda tsofaffi muke yi.

"Ke dai bar ni da shi," in ji ta. "Shekara da shekaru ina fama da shi ban ce komai ba. Yanzu kam na gaji. Wallahi sai na ram..."

Daidai nan ta danna bilenda. Ƙarar ta cika gidan, ta haɗiye ƙarshen maganar. Amma ni na riga na ƙarasa mata a zuciyata: sai na rama. Wa take fama da shi shekara da shekaru in ba ni ba? Na fita ba fartanyar.

A gona ban yi aikin kirki ba. Na zauna gindin ɗorawa ina tona baya. Me za ta rama? Wanda ya zauna da mace tun tana yarinya har ta yi jikoki ba ya rasa abin tonowa. Na tuna daminar da mahaifiyarta ke jinya na ce ta jira a gama noman farko. Na tuna maganar da na yaɓa mata a gaban 'yan'uwana kan miya. Na tuna wasu da ba zan rubuta ba. Kowanne na ɗaga sai in ga ya isa.

Abin da ya biyo baya ina jin kunyarsa, amma haka aka yi. Na fara tsoron kwanona. In ta kawo tuwo sai in juya miyar da cokali, in duba kalarta. In ta fi kore in ce na ci a waje. Na koma cin shinkafa da wake a bakin tasha, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi aure. Ita ba ta cin abin hannuna, ni ba na cin abin hannunta, kuma kullum da safe sai mu gaisa lafiya lau. Ta tambaye ni sau ɗaya ko cikina ne. Na ce zafi ne. Ta dube ni, ta ɗauke kwanon. Wannan kallon ma na sa shi a cikin hujjojina.

Ana haka ƙanenta ya zo daga Mahuta a kan babur, ranar kasuwar Bakori. Tun yana yaro muke wasa da shi, ba ya raga min. Ya shigo tsakar gida, ya dubi yayarsa, ya dube ni, ya riƙe baki.

"Innalillahi! Malam, gara ce ta shiga rumbun ko ɓera? Yaya ta zube, kai ma wuya kamar na zalɓe. In hatsin ya ƙare ai sai a aiko, ba mu rasa dawa ba."

"Kai dai ka zo cin arziki ka fake da surutu," na ce. "Wa ya taɓa ƙoshi a Mahuta?"

"Mu dai da muka ba ka ita ba mu ce ka dawo mana da ita yadda ka karɓa ba."

Ta kawo masa abin da take sha na yamma. Ya kurɓa, ya tambayi me ke ciki, ta ce wake ne da kabewa da rama.

"Rama a kwano, rama a jiki," ya ce. "Yaya, shirya in tafi da ke ki kwana biyu ki murmure. Wannan tsohon ya gaza."

Wasa yake yi. Amma ita ba ta yi dariya ba, ta ce, "Zan zo. Da ma ina da niyya, bayan sallar nan." Rabonta da Mahuta an daɗe, saboda ba ta iya hawa babur. Na ce a raina, to ga shi nan, yajin baki zai koma na ƙafa.

Da ya tafi na kasa haƙuri. Tana wanke tulun bilendar a bakin rijiya, na jawo kujera na zauna kusa da ita.

"Hajiya, ina da magana."

"Ina ji, Malam."

"In na yi miki laifi ki faɗa min a fuskata. Mun tsufa. Ba sai kin rama ba."

Ta tsayar da wankin. "In rama me?"

"Na ji ki da kunnena. Kina waya da yarinyar nan. Kin ce kin daɗe kina fama da ni, kin gaji, sai kin rama."

Ta kalle ni, tana neman ranar a ranta. Can sai ta saki tulun a cikin ruwa, ta fara dariya. Ta yi dariya har ta dafa bakin rijiya, har hawaye.

"Rame, Malam! Sai na rame na ce! Da wannan nake fama." Ta kama naman cikinta ta girgiza. "Likita ya ce gwiwoyina ba za su ƙara ɗaukar wannan kaya ba. Ko in sauke shi, ko in zauna ke nan. Ina so in yi sujada da goshina kafin in mutu. Kai ba ka tambaya ba, ni kuma na ga in na ce maka naman da kake kawowa ne, ranka zai ɓaci."

Na fara dariya ni ma, ta jin kunya. Sai na ga tata dariyar ta tsaya. Ta tsame tulun, ta kife shi a kan turmi, ta goge hannu da zani.

"To tuwona da ka daina ci fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Au," ta ce. Ba ta ƙara komai a kan wannan ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta jawo tabarma ta zauna a ƙasa, abin da ban ga ta yi ba da daɗewa. "Malam, da ka ji rama, wanne ka zata?"

"Wanne me?"

"Laifin. Mutum ba ya jin tsoron ramuwa sai ya san abin da ya yi. Wanne ne ya zo maka?"

Na ce ba komai. Ta ce ba ta yarda ba. Na ga ba mafita, na ɗauko mafi sauƙi, na ce maganar miyar nan ce, a gaban 'yan'uwana.

"Wannan? Ai na manta da shi tun kafin a yaye autarmu. Sai wanne?"

Aka kira magariba, na tashi da sauri kamar ni ne liman.

Daren nan na ci tuwonta har na suɗe kwano, tana kallo. Bayan bikin salla ta tafi Mahuta a bayan babur ɗin ƙanenta, ta hau da kanta ba wanda ya riƙe ta, ta yi kwanakinta ta dawo. Yanzu in na shiga Funtuwa kokwamba nake nema da gwanda, mai balangu har ya daina kirana. Na geron nan ni ma shi nake sha da safe, sai dai koren har yau ban saba ba.

Tambayar kuwa ba ta bar ta ba. Sai muna zaune lafiya, tana yanka kabewa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, sai wanne?" Na ba ta na daminar jinyar mahaifiyarta. A wannan ba ta ce ta manta ba. Ta ci gaba da yanka, ta daɗe, sannan ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce amin. Ban sani ba ko shi ne, ko akwai wani da take jira in kai kansa.