Madambacin dambu da gwabar Inna

Ranar wata Laraba ce cikin watan Oktoba, shekarar da na shiga aji biyar a lakkwal, makarantar bokon garinmu Tama, Baba ya tsaya a garkarmu ya ce da an gama kai hatsi rumbu zai sare itatuwan gwaba duka biyar. Inna ce ta dasa su da hannunta shekarar da aka kawo ta gidan, ta raine su da ruwan guga tun suna kamar tsinke. Amma Baba yana da hujja. Gwaba takan nuna lokaci guda a duk fadamar, kowa na da tasa, ko kyauta ka ba mutum sai ya ce ya gode, ya bar maka abarka. Mu ci har ciki ya murɗa, awaki su ci, saura ta ruɓe a ƙasa ƙudaje na biki. Ga inuwarta ta danne wurin da zai yi fangalin albasa. "Iccen da ba shi cika rumbu, murhu shika jira," in ji shi.

Inna ba mai gardama ba ce, amma kuma ba ta saki abu da sauƙi. Ta taɓa ganin wata malama ta zo wa ƙungiyar mata da tukunyar ƙarfe mai hawa uku, ta turara ƴaƴan itace ruwansu ya tsiyayo, aka ɗura a kwalba da zafinsa, aka ce yana kaiwa watanni. Inna ta ce wannan ai madambaci ne ya yi ado. Ta roƙi Baba ya bari ta turara gwabar ya ɗanɗana ruwanta sau ɗaya kafin ya taɓa gatari. Ya ce to, Lahadi bayan la'asar.

Lahadi da hantsi muka wanke gwaba kwando guda muka yayyanka. Sai Inna ta aike ni unguwar gabas, gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, in aro sabon madambacin da ba a taɓa aza shi a wuta ba. Ni kuwa, Allah ya gafarta mani, a hanya na tarar da ƙawayena sun baje duwatsun carafke a gindin kurna. Na ce bari in yi hannu ɗaya. Hannu ɗaya ya haifi goma, sai kiran azahar na ji. Na rugo gida na ce Gwaggo ba ta nan, ɗakinta a kulle. Inna ta dube ni, ta dubi gwabar da ta fara canja launi, ta ce in ɗauko namu na dambu in goge shi da toka da yashi. Na goge har yatsuna suka yi ja. Ta aza babbar tukunya da ruwa, ta zaunar da kwano a ciki bisa duwatsu uku don ya tari abin da zai ɗigo, ta ɗora madambacin cike da gwaba, ta liƙe tsakaninsu da tsumma da kuka kamar yadda ake yi wa dambu.

Ruwan ya fito, kai, gwanin kyau, ja-ja garai-garai. Ta sa sukari ta miƙa wa Baba a moɗa. Ya kurɓa, sai ya kwashe da dariya. Madambacin ƙasa ne, shekara da shekaru yana shan albasa da daddawa da zogale, tururi kuma ya fito da su kaf ya zuba cikin gwabar. Baba ya ce wa Inna, "Kin gani ko? Ita kanta albasa taka son zama!" Bayan kwana tara ya sare su. Inna da kanta ta kwaso itacen ta jera a bayan madafa, muka yi rani guda muna tuwo da shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranin nan ba.

Yanzu ina Madawa da iyalina, ina da irin tukunyar malamar, har da ɗan tiyo da ruwan ke bi ya shiga kwalba. Gwabar kuwa saye nake yi a bakin tasha, garkarmu albasa ce daga wannan gefe har wancan. Bara da Inna ta zo ganin likita na turara mata gwaba, ta sha ruwan, sai na ga ba zan iya ci gaba da riƙe maganar ba. Na ce, "Inna, ranan nan ban tahi gidan Gwaggo ba." Ta ce, "Na sani. Tun washegarin da anka sare su Gwaggonki ta hwaɗa mani." Na ce to mi ya hana ta dake ni. Ta ajiye kofin ta ce, "Dukanki zai tada icce?" Da ma ta dake ni ɗin, da tuni na manta.