Gaurakin da na nuna wa shugabanmu

Jama'a, yau na ga cin amana da idona a bakin tabki!

Da sahe muka bar Tasawa cikin sanyin nan, mu bakwai 'yan ƙungiyar kallon tsuntsaye, sai tabkin da ke bayan Kona. Na yi musu alkawarin gauraki biyu da na gano can. Ba wanda na taɓa nuna ma wurin sai Malam Isa, shugabanmu. Shi ya ce mini, "Hadiza, kama bakinki, kar masu tarko su ji."

Muka isa. Ga agwagin ruwa, ga zalɓe, gauraki babu! Malam Isa na ta leƙe da jumel, madubin hangen nesa, yana cewa, "Ƙila sun sake wuri."

Sai ga wani dattijo makiyayi ya kawo shanu shan ruwa. Na ce, "Baba, ba ka ga gauraki biyu nan ba?"

Ya ce, "Ai shekaranjiya aka kama su da raga." Yana waigawa ya ga Malam Isa, sai ya washe baki. "A'a, Malam, ka dawo? Sun kai gidan Alhajin da ka ce zai saye su lahiya? Na ga fiffiken macen ya karye sa'ad da kake tura ta buhu."

Duk muka juya muna kallon shugabanmu!

Malam Isa ya ce, "Ba ni ba ne."

Dattijo ya ce, "Haba, har nono na ba ka ka sha!"

Malam Isa ya haye moto, ko waiwaye babu.

Kuma yana cikin grup ɗin nan. Malam Isa, na ga kana onlayin. Muna saurarenka.