Zana Tsakanin Baba da Yaya

Warin sassaƙen marke da jar kanwa ne ya tarbe ni tun daga zaure, wari mai ɗaci da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Na dawo hutu ke nan daga makarantar 'yan mata a Kano, akwati a ka, duk hanya ina mafarkin ƙamshin ɗanyar gyaɗa, don lokacin cirarta ne a ƙauyenmu da ke kusa da Yako. Sai na tarar da Inna a tsugune tana fifita wuta ƙarƙashin wata baƙar tukunya.

"Inna, wa ba shi da lafiya?"

"Lafiya lau. Tsargiya ce ta dawo wa Babanku."

Ta faɗa kamar mai cewa akuya ta tsinke igiya. A wajenmu, a shekarun nan kafin samun mulkin kai, ba a lissafa tsargiya cikin cututtuka. Duk yaron da ke wanka a rafi zai ga ja a ƙarshen fitsarinsa, manya su ce ya kama hanyar zama namiji. Baba ma ya yi ta yana yaro, ta tafi abinta. Abin dariya shi ne ta dawo masa da furfura.

Taubashinsa, ɗan kawunsa da ke zuwa hira kullum, ya samu abin yi.

"Bawana ya koma yaro! Gemu fari, wando ja. Gobe zan yanko maka danƙo ka bi 'yan'uwanka harbin kurciya."

"Kai da ko a ƙuruciya ba ka yi ta ba," in ji Baba, "shi ya sa har yau muryarka ta 'yan mata ce."

Suka yi ta dariya, ni ma na yi daga bayan ƙofa. Na dai lura in Baba ya yi dariya sai ya dafe mararsa, rigarsa kuma ta yi masa yawa a kafaɗa. Ban kawo komai a raina ba. A lokacin hankalina yana kan gajimare da baitocin da nake haɗawa a zuci.

Ana nan sai Yaya ya iso daga Badun, can Kudu, inda yake karatun likita. Shi ne ɗan fari a gidanmu. Tun da aka yaye shi Gwaggo ta ɗauke shi zuwa Bebeji, can ya tashi. Ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ko na Inna ba. "Wancan" suke cewa. In ya zo gaisuwa, daga nesa yake durƙusawa, Baba ya kau da kai ya amsa a taƙaice. Babu ƙiyayya a ciki ko kaɗan. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi muka gani a kowane gida.

Washegari da safe Yaya ya shiga makewayi bayan fitowar Baba. Da ya fito, ya ajiye buta a gefe. Ya yafito ni.

"Auta, tun yaushe?"

"Tsargiyar? Inna ta ce tun bazara."

"Wa ya ce tsargiya ce?"

"Kowa."

Da hantsi, Baba na zaure da taubashinsa, sai Yaya ya yi sallama ya shiga. Bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Ya ƙarasa har bakin tabarma, ya durƙusa, gwiwarsa kusan tana taɓa ta Baba.

"Baba, ina neman izini in duba marar nan da hannuna."

Goron da ke bakin taubashi ya tsaya cak. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya nemi takalminsa ya fice, ko sallama babu. Baba ya ja hannun riga ya rufe fuska, ya tashi ya shige ɗaki. A tsakar gida ludayi ya suɓuce wa Inna.

"Innalillahi! Abin da ake koya musu ke nan a can?"

Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ɗan fari, ya dubi ubansa, ya ambaci mara! Na ji kamar katangar gidanmu ce ta faɗi, duk gari na kallon cikinmu.

Yaya bai haƙura ba. Tun da ni ce auta, mai zama a tabarmar Baba tana cin ragowar furarsa, sai ya mai da ni bakinsa. Baba na zaune a rumfa, Yaya na tsugune a bayan zanar da ta raba rumfar da turken awaki, ni ina kai da kawowa. Kowannensu yana jin numfashin ɗan'uwansa, amma sai na maimaita.

"Ki tambaya, jinin a ƙarshe yake zuwa ko tun daga farko?"

Na zagayo, idona a ƙasa. "Baba, wai a ƙarshe ake ganin abin ko tun farko?"

Baba ya ja carbinsa. "Ki ce wa wancan tun farko."

"Da guda-guda?"

"Ki ce masa da su."

"Yana tsayawa ya ƙi fita?"

"Ki ce masa wani lokaci."

Ban san bakina zai iya ɗaukar irin waɗannan kalmomi ba. Kowace na furta sai na ji harshena ya yi nauyi kamar na tauna ƙasa. Da aka gama, Yaya ya ja ni gindin rumbu ya yi mini bayani a hankali. Ya ce tsargiyar ƙuruciya tsutsa ce da ke shiga jiki daga ruwa, tana yi wa mafitsara rauni. A wasu mutane, bayan shekaru, raunin sai ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Ya ce in ba a kai Baba asibiti a Kano an duba ba, aka yi masa aiki in da hali, ba lalle ya ga wata kakar ba.

Na dubi tukunyar Inna tana tafasa, na tuna dariyar da na yi a bayan ƙofa. Sai na zauna a ƙasa daɓas.

Daga ranar kullum saƙo ɗaya nake kaiwa, amsa ɗaya nake dawowa da ita.

"Baba, wai a shirya a tafi Kano."

"Ki ce masa gyaɗa na ƙasa. In an cire ta, an yanke dawa, sai a gani."

Rannan Yaya ya kasa jira in zagayo. Ya miƙe tsaye, kansa ya zarce zanar, ya ɗaga murya.

"Baba, dawa za ta jira! Wannan ba zai jira ba!"

Awaki suka firgita. Inna ta toshe kunnuwa ta shige ɗaki. Baba bai ɗago ba, amma na ga carbin ya tsaya a hannunsa.

Hutu ya ƙare ba a tafi ba. Yaya ya yi mini alkawari zai nemi izini a makaranta ya dawo, ko a kan jaki ne sai ya kai Baba bakin hanya. Ranar da zai tafi tashar jirgi, ya fita da jakarsa, sai ga Baba ya ɗauki sanda ya ce zai leƙa gonar bakin hanya. Muka bi su da kallo, ɗa a gaba, uba a baya da nisa, har dawa ta rufe su. Inna ta riƙe haɓa. Baba ya dawo wajen azahar, ya ce a dama masa fura, ya sha fiye da yadda ya saba.

Yaya bai dawo ba. Maganar Kano ma bai sake tayar da ita ba. Ƙwayoyin rage zafi kawai yake aikowa ta hannun mijin Gwaggo. Baba ya yanke dawarsa, yana zaune a inuwa yana nuna yadda za a ɗaure dammuna. Kafin ruwan farko ya sauka muka rasa shi.

Rasuwar ta girgiza ni, amma shirun Yaya ya fi ba ni mamaki. Mutumin da ya tsallake kunya har ya ɗaga wa ubansa murya, yaya aka yi ya saki maganar haka? Ya gama karatu, ya tafi ƙasar waje koyon tiyata, ya dawo yana koyar da ɗaliban likita har ya zama farfesa. Duk aikinsa a kan dajin mafitsara ya ƙare. In ya samu hutu sai ya bi ƙauyukan Kiru da Tudun Wada yana roƙon iyaye su daina yi wa jan fitsari dariya. In an yabe shi a gabana nakan yi murmushi, amma tambayar tana nan.

Sai da mu duka muka yi furfura. Muna dawowa daga wata gaisuwa a Tiga, inda ruwan madatsa ya riga ya shanye gonakin da muka sani, Yaya ya ce mu biya ta ƙauye. Ya tsayar da mota a gindin wata tsohuwar tsamiya kusa da gonar bakin hanya, ya kashe inji, ya gaya mini abin da ya faru ranar da Baba ya bi bayansa.

A bayan tsamiyar nan Baba ya cim masa. Ya jingina sandarsa, ya ɗage rigarsa, ya kamo hannun Yaya da kansa ya ɗora a kan marar. Abin ya taso har kusa da cibiya, da tauri kamar dutsen niƙa, ko motsi ba ya yi. Yaya ya riga ya ga irinsa a asibitin koyarwa, ya san babu wuƙar da za ta iya raba shi da jiki. Baba ya tambaye shi ko zai ciru, ya girgiza kai. Sai Baba ya sauke rigarsa ya ce to a bar shi ya yanke dawarsa a gida, kada kuma a gaya wa Auta. Ya miƙa masa jakarsa, ya sa masa albarka, ya kira shi da sunansa na yanka.